Geron Tasawa a Bayan Arfa

Mahaifina, Malam Sabo, ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa wayit a Makka, wato motar nan mai tanki da ke kai ruwa gidajen da famfonsu ya ƙafe. Babu lungun da bai cusa ta ba a unguwannin Mansur da Hindawiyya. Amma idan ka tambaye shi sana'arsa, ko ido ba zai ƙifta ba zai ce maka shi manomi ne. Rabonsa da gona tun shekarar da ya baro ƙauyensu na kusa da Tasawa, ya zo aikin hajji da niyyar yin wata biyu. Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan, wata biyun ba su cika ba tukuna.

Duk shaidar nomansa tana cikin wani gwangwanin madara da ke saman kwabar ɗakinsa. Ƙanensa Hadi ne ya aiko masa da shi ta hannun wani alhaji shekara shida da suka wuce: irin geron gonarsu, an cuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci. Shekara na zagayowa Baffa Hadi ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gonar suka watse birni. Abin da ya rage na gonar nan a duniya shi ne abin da ke cikin gwangwanin, kuma Baba ba shi da inda zai shuka shi. Gidanmu a hawa na uku yake. Ƙasar da muka mallaka ita ce wadda iska ke shigo da ita ta taga, ita ma Inna ba ta barinta ta kwana.

Ni ce autarsa, sunana Rumasa'u, kuma ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta a Hindawiyya. Saboda haka na san abin da Baba ba ya son ji: iri abu ne mai rai, kuma zafin Makka yana cin ran nan kaɗan-kaɗan, kowace shekara. Shi kansa Baba ya haura saba'in, ƙafafunsa sun fara kumbura, hawan benenmu sai ya huta sau biyu. Abin da nake so guda ɗaya ne, in ga geron nan ya tsiro a gaban idonsa tun irin da mai shi suna da sauran ƙarfi.

Dama ta zo ta inda ban zata ba. A farkon zangon karatu shugabar makarantarmu, Abla Haifa, don a nan Abla ake ce wa kowace malama, ta dawo daga wani taro da sabuwar magana: daga yau yara ba za su tsaya ga littafi kaɗai ba, sai sun fita sun taɓa abu da hannunsu. Malamar lissafi ta fitar da nata yaran tsakar makaranta suka auna katanga da igiya, ta huta. Ni kuwa da nake da 'yan aji biyar da darasin tsirrai, sai na ɗauko babba. Mahaifin wata ɗalibata, Abu Muhannad, yana da gona a kwarin Wadi Nu'uman, gaba da Arfa kaɗan, da rijiya da bututun ban ruwa. Na roƙe shi ya ba mu wani ɗan fili a gefe, ya ce mu ɗauka. Na rubuta a takardar neman izini cewa za mu tafi da ƙwararre a harkar noma. Abla Haifa ta sa hannu ba ta tambayi ko wane ne ba.

Na gaya wa Baba. Ya tashi ya sa hularsa ya sauka. Kwana uku yana zirga-zirga wurin wani mai walda a Mansur, yana zana masa sungumi a ƙasa da yatsa, wato fartanyar nan mai doguwar ƙota da ake sara ramin shuka da ita a tsaye. Mai waldan bai taɓa ganin sungumi ba. Na farko da ya ƙera ya yi kama da shebur, na biyu da abin kwasar shara. Na uku Baba ya karɓa, ya ce ba shi ba ne, amma ɗan uwansa ne.

Ranar da ya kawo shi gida ya tambaye ni, “Yaushe ne tahiyar?”

“Lahadi mai zuwa, Baba.”

Ya leƙa ta taga ya dubi sama. Watan Oktoba ne, sama fes, ko tsuntsu babu.

“An yi ruwa ne ban jiya ba?”

“Akwai ruwa a gonar. Bututu ne, murɗawa kawai ake yi.”

“Ruwan bututu na lambu ne, ɗiyata. Albasa, tumatir, su salak. Hatsi ba kayan miya ba ne. Ba a sa hatsi ƙasa sai sama ta zubo, ƙasa ta sha ta ƙoshi.”

“Baba, nan fa Makka ce.”

“Na sani,” in ji shi. “Na riga ki zuwa.”

Wannan shi ne mutumin da ya shayar da rabin garin nan da ruwan tanki. Na tuna masa da haka, ya ce ai mutane ya shayar, mutum kuwa ba ya zaɓen ruwa.

Haka na ɗage tafiyar. Ɗage tafiya a makarantarmu ba ƙaramin aiki ba ne, domin kowace yarinya sai an ba ta sabuwar takarda ta kai gida, uba ya sa hannu a ƙarƙashin sabon kwanan wata. Na ɗage sau ɗaya, na ɗage sau biyu. A na uku wata uwa ta aiko da saƙo tana tambaya ko gona za a kai 'yarta ko fasfo ake nema mata. Abla Haifa ta kira ni ofis, ta cire tabarau ta ajiye.

“Ya Rumasa'u, rihlar nan taki ta zuwa gona, za mu gan ta muna raye? Me ake jira?”

“Ruwan sama, Abla.”

Ta mai da tabaraunta. Sannan ta ce in rubuta a rahoto cewa an ɗage ne saboda wasu dalilai, kuma idan zango ya ƙare ba mu je ba, halas, shi ke nan, in auna katanga kamar kowa.

Tun kafin ɗagewar farko na saci ƙwaya ashirin daga gwangwanin, na shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙiyar auduga a ɗakin gwaji. Uku ne suka tsiro. Na riƙe maganar a cikina har ranar da Abla Haifa ta kira ni. Da na koma gida raina a ɓace, na zazzage wa Baba ita gaba ɗaya, da murya sama da yadda ya kamata 'ya ta yi wa ubanta. Na ce irin nan mutuwa yake yi, kowane mako da muka ƙara muna kashe sauran ne, kuma ni tsoro nake ji. Da gaske tsoron nake ji.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, “Auduga ba ƙasa ba ce.” Ya ƙara da cewa, “Ashirin kika ɗiba? Rami uku ke nan kika ɓata muna.” Daga ranar ya mai da gwangwanin ƙarƙashin gadonsa.

Ruwan ya zo a watan Disamba. Wata Talata da la'asar hadari ya taso daga wajen Ɗa'ifa, kafin magariba saƙo ya shigo wayar kowa: gobe babu zuwa makaranta, karatu daga gida ta na'ura, saboda ana sa ran ruwa mai ƙarfi. Wata biyu ina lissafin ranar ruwa, ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali a garin aka haife ni. A Makka ranar da aka yi ruwan sama ita ce ranar da ake rufe makarantu.

Laraba da safe sama ta ɓalle. Titin Mansur ya zama rafi, kwalaye da robobi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina zaune a falo gaban na'ura ina koyar da yara ashirin da shida sassan fure, shi kuma Baba tun ƙarfe bakwai ya shirya, ya naɗe ƙafar wando, sungumi a kafaɗa, gwangwani a hammata, yana kai da komo a bayana. Wata yarinya mai suna Manar, wadda ba a taɓa yin abu a gabanta ta yi shiru ba, ta buɗe makirfonta.

“Abla, akwai wani jaddi a bayanki da makami.”

Jaddi, wato kaka. Na ce shi ne ƙwararren.

Na kira Abu Muhannad ko za mu iya zuwa mu biyu, ni da Baba. Ya ce kwarin ya cika yana gudu, ko shi mai gonar ba shi da hanyar shiga. Baba ma ya ce ko da hanya ba zai je ba, shuka ba aikin mutum ɗaya ba ce, dole mai sara a gaba, masu zuba iri a baya, kuma an yi masa alkawarin yara. Alhamis ma ba a buɗe makaranta ba. Juma'a da Asabar hutu ne. Kwana huɗu Baba ya yi a bakin taga yana kallon rana tana shanye masa damina.

Lahadi muka tafi. Iyaye sun shirya yaran kamar masu zuwa yaƙi da rana: huluna, safar hannu, man shafawa, da abincin da zai ishi ayari. Baba ya zauna kusa da direba, sungumin a tsakanin ƙafafunsa. Muka wuce Arfa, fili fetal babu kowa sai itatuwan dogon yaro da ruwa ya wanke. Da muka isa gonar bai gaisa da kowa ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannun ya shige, ya damƙo ta ya matse, ya buɗe tafinsa. Ta tsaya a dunƙule.

“Da sauran danshi,” ya ce. “Bismillahi. Ki hwaɗa musu su tuɓe takalma. Ba a rufe rami da takalmi.”

Na fassara, domin yawancin yaran nan, har da jikokin Hausawa, Larabci kaɗai ke bakinsu. Aka yi ihu, aka yi ƙyama, aka ce akwai tsutsa. Bayan minti goma babu wadda za ka iya lallashi ta mai da takalminta.

Sai Baba ya fara sara. Ban taɓa ganinsa haka ba. Mutumin da ke hutawa sau biyu a bene ya miƙe, taku ɗaya sara ɗaya, taku ɗaya sara ɗaya, ba ya ko kallon ƙasa, ramukan kuwa suna jeruwa a bayansa kamar an ja zare. Yaran suna biye, kowacce ta ɗebi iri da yatsu uku ta jefa, ta ja ƙasa da gefen ƙafa ta danne da diddige. Wadda ta sunkuya ta rufe da hannu sai ya daka mata tsawa da Hausa, ta gane ba sai na fassara ba. Layi shida ya sara kafin numfashi ya tsai da shi. Na tsaya a gefe da takardun aiki a hannu ina jin daɗin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Takardar aikin tana buƙatar kwatanci, don haka na ɗauki yara takwas muka yi layi biyu a can gefe da irin geron da Abu Muhannad ya sayo a kantin kayan gona. Littafi ya ce ƙwaya ɗaya a rami, a auna zurfi da ma'auni. Yaran suka bi littafi a rami huɗu na farko, daga nan suka riƙa zubawa da tafin hannu. Muka kafa alluna biyu, ɗaya an rubuta irin Tasawa, ɗaya irin kanti. Baba ko kallon wajen bai yi ba.

A hanyar komawa ya ce kwana huɗu za a ga tsiro. Bayan mako guda aka ƙara samun yayyafi, ya ce to, yanzu ko malalacin iri ba shi da hujja.

Rana ta goma Abu Muhannad ya turo mini hoto. Layi biyu kore shar. Layi shida ƙasa ce kawai, da sawun ƙananan ƙafafu a bushe. Na ƙara girman hoton har ya dushe, ban ga ko ɗigon kore ba. Baba ya tambaye ni labari, na ce hoton bai fito da kyau ba. Sannan na yi abin da malamar kimiyya ba ta yi: na kira Abu Muhannad na ce ya musanya allunan.

“Abla, kin tabbata?”

Na ce na tabbata.

Jarrabawa ta shiga tsakani, sai bayan mako uku muka koma don yara su rubuta abin da suka gani. Geron kantin ya kai taƙi guda, ya fito cunkus a kowane rami, allon Tasawa kuma yana tsaye a kansa. Na riga kowa sauka, na nuna da hannu na ce, “Baba, ga shi nan, masha Allah.”

Bai kalli allon ba. Dama ba ya karatun irin wannan rubutu, abin da ban tsaya na tuna ba ke nan. Ya je gindin wata magarya da ke bakin filin, ya ƙirga taku bakwai, ya tsaya daidai kan ramin da ya fara sarawa.

“Abla!” Manar ce. “An juya allunan! Namu ne wannan koren, na kanti, ni na zuba shi. Wallahi an juya!”

Na ce iska ce. Ta ce iska ba ta tuge allo ta sake kafa shi. Na ce ta rubuta kwanan wata a takardarta.

Baba ya durƙusa ya sa yatsa ya tona ramin. Ya fito da ƙwayoyin, sun yi baƙi, sun kumbura, babu wadda ta ko tsage. Ya matsa gaba ya tona na biyu, ya tona na uku. Ya tsallaka layi na huɗu ya tona ɗaya a tsakiya. Yaran suka yi tsit, abin da ban taɓa samu daga gare su a aji ba. Ni kuwa kunya da tausayi suka rufe ni.

Manar ta matso da takardarta. Kakarta Bahaushiya ce, tana da 'yar Hausarta mai karkata.

“Ya jaddi, su'al, tambaya ta biyar. Me ya sa bai fito ba? Ruwa ne, ko ƙasa, ko rana?”

“Ruwa ya yi nashi,” in ji Baba. “Ƙasa ma ba ta da laihi. Ki rubuta an aje shi ya daɗe.”

“Wa ya ajiye?”

“Ni.”

Ta duba takardar, ta ce babu wannan a cikin zaɓin. Ya ce ta rubuta a gefe.

Ya kama hannuna ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Sai a lokacin ya taka zuwa layukan kantin, ya tsaya a kansu yana kallo kamar mai duba surukin da bai zaɓa ba. Ya ce wa ya zuba iri haka kamar mai ba kaji. Ya ce in gaya wa yaran su bar uku masu ƙarfi a kowane rami, sauran su cire a hankali da saiwarsu, su kai layukansa su dasa, tunda ramukan suna nan a sare. Suka yi ta yi har direba ya gaji da danna ƙaho. Game da allunan bai ce mini komai ba, a ranar ko bayanta.

Da muka isa gida ya huta sau uku a bene. Ya shiga ɗaki ya jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Ashe ya rage kamar cikin tafi biyu a ciki, don manomi ba ya zuba irinsa duka a shuka ɗaya. Ya miƙo mini.

“Ki kai ma uwarki. Ta wanke tokar, ta yi muna kunu da sahe.”

“Baba, iri ne fa.”

“Hatsi ne,” ya ce.

Inna ta wanke shi sau biyar, ta jiƙa, ta niƙa a injin markaɗe. Duk abin da ya fito bai wuce kofi ɗaya ba. Da safe ina shirin fita makaranta, jaka a kafaɗa, Baba ya kira ni. Yana zaune a kan darduma da kofin a hannu, ya sha rabi. Ya miƙo mini sauran.

“Karɓi ki sha, Rumasa'u. Ba ki taɓa ɗanɗana hatsin gonarmu ba.”

Ɗanɗanon toka gare shi da na tsohon gwangwani. Na tsaya a gabansa na shanye tas, yana kallona.